Mai son fita karatu waje daga Kano, ga ta inda ake farowa

Kusan kullum sai wani ya tare ni a shago ko ya turo min saƙo a WhatsApp, "Yaya dan Allah ya ake samun sikolaship ɗin nan na waje?" kuma yawancinsu sai an saki sanarwa saura kwana goma a rufe sannan suke zuwa a gigice, ba fasfo, ba taransikirif (takardar makin duk kwasa-kwasan da ka yi), wani ma takardar kammala digirin tana can makaranta bai karɓo ba tun da ya gama bautar ƙasa. Ɗan shagon kwamfuta gare ni a wajen Kabuga, na daɗe ina cike wa ɗalibai fom, na ga waɗanda suka tafi, na ga waɗanda har sun fara sallama da dangi abu ya watse a kan takarda ƙwaya ɗaya. Shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, ni ma bakina ya huta.

Abu na farko da nake so ka sa a ranka, wannan harkar aikin shekara guda ce cur. In kana son ka ganka a aji a watan Satumba na baɗi, to yanzu ne lokacin fara haɗa takardu, ba baɗin ba. Kuma ba da neman makaranta ake farawa ba, da sunanka ake farawa.

Eh sunanka. Ɗauko takardunka duka ka baje su a kan tabarma, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, katin NIN, takardar ƙaramar hukuma, satifiket ɗin digiri, na bautar ƙasa, ka karanta su harafi-harafi. Mu nan Kano muna da wata matsala da mutanen kudu ba su cika fama da ita ba, ba mu da tsayayyen sunan gida, yaro a firamare an rubuta sunansa da na babansa, a sakandare malamin aji ya ƙara masa sunan unguwa saboda su uku ne masu suna iri ɗaya a ajin, ya zo jami'a ya cire unguwar ya sa sunan kaka. Ga kuma Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muh'd a ta ukun. Mu a wajenmu duk mutum ɗaya ne, amma matar da ke zaune a ofis a Jamus tana duba fayil ɗinka mutum uku take gani. Akwai yaron da ya zo min da admishan a hannu, har da tallafin rabin kuɗi, muna cikin cike fom ɗin biza na lura shekarar haihuwarsa a WAEC ta bambanta da ta fasfo da shekara biyu, na ce kai ya aka yi haka, ya ce wallahi Yaya mai kafe ne ya cike masa a lokacin shi bai ma duba ba. Kafin a gyara zangon ya wuce. In ka ga irin wannan saɓanin ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, in sauyin suna ne a buga a jarida, abin da yake buƙatar gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ka fara bin sa tun yau dan ba ya sauri.

Sai fasfo. Yanzu ba a yin sa sai da NIN, kuma abin da ke cikin NIN shi zai fito a fasfon, shi ya sa na ce ka fara gyara can. Ana cike fom a biya kuɗi a shafin Immigration, sannan ka je ofishinsu na Farm Centre a ɗauki hoto da yatsu. Tun Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. In da hali ka yi na shekara goman, musamman mai niyyar digirin digirgir, dan sabunta fasfo kana ƙasar waje wata wahala ce daban. Kuma ka biya da kanka ta shafin, kar ka miƙa wa wani a bakin get kuɗi a hannu wai zai yi maka sauri.

Taransikirif shi ne inda ake shan wuya, ka shirya masa haƙuri da kuɗin adaidaita. Iri biyu ne, akwai kwafin ɗalibi da za a ba ka a hannu, akwai wanda makaranta ce da kanta za ta tura wa waccan makarantar a rufe. Yawancin wuraren neman tallafi kwafin ɗalibi ya isa a farko, sai an ɗauke ka za su nemi na biyun. Na taɓa bin na wani ƙanena a wata jami'a, ba zan faɗi sunanta ba, mun biya kuɗi mun kai rasit, aka ce mu dawo bayan sati biyu, muka dawo aka ce fayil yana sashe, muka je sashe aka ce mai kula da jarrabawa ya tafi taro, da ya dawo aka tarar sakamakon wani kwas na aji biyu babu shi kwata-kwata a cikin fayil ɗin sai an nemo malamin da ya koyar, shi kuma ya yi ritaya. Wata huɗu muka yi. Dabarar da na koya ita ce kar ka tsaya a babban ofis kana jira, ka bi takardar da ƙafarka tebur-tebur, ka san sunan wanda take hannunsa, ka gaishe shi da ladabi, ka koma jibi. In ka karɓa ka zauna ka lissafa makin da kanka, ana kuskure.

Wasu ƙasashen, musamman na Larabawa da wasu na Turai, ba sa karɓar takardunmu haka kawai sai an buga musu hatimi. Tsarin shi ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta fara tantancewa, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. A jere suke, ba a tsallake ɗaya. In Masar ce ko Saudiyya za a iya cewa a fassara su zuwa Larabci a wajen mai fassarar da aka yarda da shi. Wasu makarantun Kanada da Amurka kuma su ce sai WES, wata hukumar tantance takardun karatu, ta auna musu digirinka, ita ma daga makarantarka take son takardar kai tsaye ba daga hannunka ba.

To yanzu takardu sun haɗu, wace ƙofa za ka ƙwanƙwasa? Nan sai ka faɗa wa kanka gaskiya a kan sakamakonka. A ma'aunin maki 5 da jami'o'inmu ke amfani da shi, 4.50 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, wato abin da muke cewa tu-wan. Mai waɗannan biyun ƙofofi da yawa a buɗe suke. Mai tu-tu ba a ce ya haƙura ba amma sai ya haɗa da gogewar aiki, ko ya fara yin mastas a nan gida ya fito da sakamako mai kyau sannan ya nemi na gaba a waje.

Mu 'yan Kano abin da muka fi sani shi ne na gwamnatin jiha, tun ɗalibai 501 ɗin da Kwankwaso ya tura a zangonsa na biyu, zuwa 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023 aka kai su Indiya da Yuganda. Alheri ne babba, gidaje da yawa sun canza ta dalilinsa, amma fa masu daraja ta ɗaya aka nema, kuma abu ne da ya dogara da wanda ke kan kujera, ba ka da tabbacin za a sake yaushe. Na tarayya ma haka, tsarin nan na BEA da ake tura yara Rasha da Maroko da Aljeriya da sauransu gwamnati ta sanar da dakatar da shi a 2025, TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ita ma ta tsayar da tura malaman jami'a waje daga farkon shekarar. Saboda haka in ka zauna jiran gwamnati kaɗai kana iya tsufa a zaune. Ka sa sunanka in an buɗe, amma ka nemi na ƙasashen da kansu suke bayarwa, waɗanda kowace shekara lokacinsu sananne ne kamar azumi.

Wanda na fi cike wa mutane shi ne na Turkiyya, Türkiye Bursları. Ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu, kyauta ake cikewa, kuma fom ɗaya ne ya haɗa neman makaranta da neman tallafin, ba sai ka samo admishan daban ba. Suna biyan kuɗin makaranta, ɗakin kwana, inshorar lafiya, tikitin jirgi, da ɗan alawus na wata. Akwai iyakar shekaru, ƙasa da 21 ga mai digirin farko, ƙasa da 30 ga mastas, ƙasa da 35 ga digirin digirgir, kuma mai son likitanci sai makinsa ya kai kashi 90. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne shekarar farko gaba ɗaya koyon Turkanci za ka yi, to in kana gaggawa ka sani.

Chevening na gwamnatin Birtaniya ne, mastas na shekara ɗaya, komai da komai a kansu. Ana buɗewa a watan Agusta a rufe cikin kaka, ka dinga duba ranar dan tana motsawa. Su ba ruwansu da shekarunka, abin da suke so shi ne aikin shekara biyu, sun ma ƙayyade shi awa 2,800, kuma ka yarda za ka dawo gida ka yi aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Kwas uku za ka zaɓa, ka rubuta maƙala huɗu, a kan jagoranci, mu'amala da mutane, dalilin zaɓen kwas ɗin, da abin da za ka yi in ka dawo. Akwai kuma na Commonwealth, wani ta hukumar tallafin karatu ta tarayya ake bi, wani kuma ta jami'ar Birtaniyan kai tsaye.

Erasmus Mundus shi ne nake mamakin yadda 'yan Kano ba su damu da shi ba. Na Tarayyar Turai ne, mastas ne da jami'o'i da dama suka haɗa kai suke bayarwa, za ka yi zango a wannan ƙasa ka koma waccan, aƙalla ƙasa biyu, alawus yuro 1,400 duk wata, kuma da yawa daga cikin kwasa-kwasan ba sa neman gogewar aiki. Tsakanin Oktoba da Janairu ake nema, kowane kwas da shafinsa da ranar rufewarsa. Jamus kuma akwai tallafin DAAD, ɓangarensu na ƙasashe masu tasowa yana son aikin shekara biyu kuma kar digirinka ya wuce shekara shida da kammalawa. Ko ba tallafi ma yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba a biyan kuɗin karatu sai ɗan kuɗin zango, in ka cire jihar Baden-Württemberg da ke karɓar yuro 1,500 duk zango a hannun baƙi, matsalar ita ce kafin a ba ka biza sai ka ajiye kuɗin cin abinci na shekara a wani rufaffen asusu, a 2025 ya kai yuro 11,904, ka buga shi da farashin 'yan canji na Wapa ka ji yadda kanka zai sara.

Masu ɓangaren addini da Larabci sun fi mu sanin hanyar Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar, yanzu dai na Saudiyya an tattara su a shafi ɗaya mai suna Study in Saudi. Abin da zan ƙara shi ne Saudiyya ba karatun addini kaɗai ba ne, jami'o'in KFUPM a Dahran da KAUST suna ɗaukar injiniyoyi da masu kimiyya a mastas da digirgir da Turanci, da alawus. Bankin Musulunci na IsDB ma yana bayarwa, Japan tana da tallafin MEXT ta ofishin jakadancinta a Abuja, Indiya tana da na ICCR, masu harkar mai da injiniyanci ga na asusun PTDF na nan gida. Kar ka ce duka za ka nema, zaɓi huɗu ko biyar da ka cika sharuɗɗansu, ka rubuta ranakun rufewarsu a takarda ka manna a bangon ɗaki.

Maganar jarrabawar Turanci tana tsorata mutane fiye da kima. Kafin ka kashe kuɗi a jarrabawar IELTS ka fara karanta shafin makarantar da kyau, da yawa daga jami'o'in Birtaniya suna karɓar C6 a Turancin WAEC, wasu wuraren kuma wasiƙa ce kawai daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai, ka nemi wannan wasiƙar ranar da kake bin taransikirif ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In dole sai IELTS, yawanci 6.5 ake nema a mastas, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya mutu dan haka kar ka yi shi da wuri sosai. Yaranmu karatu da rubutu ba su cika faɗuwa ba, saurare ne yake kayar da su dan kunne bai saba da Turancin Bature ba. Wata biyu kafin ranar ka dinga sa rediyon Turanci a kunne kullum ko a cikin adaidaita ne. Wasu makarantun suna karɓar na Duolingo da ake yi a gida da kwamfuta, ya fi araha, amma ka tabbatar da wuta da netwok, in ya yanke a tsakiya ka shiga uku.

Yanzu ga inda ake rabuwa tsakanin wanda za a ɗauka da wanda za a bari, wato rubutun bayanin kai. Mu tarbiyyarmu ta hana mutum yabon kansa, kunya da kawaici, to sai ka ga yaro mai ƙoƙari ya rubuta shafi guda bai faɗi komai ba sai "tun ina yaro nake son taimakon al'umma" da "ƙasarku tana da ingantaccen ilimi". Masu dubawa sun karanta irin wannan sau dubu. Wata yarinya ta kawo min nata haka, ta karanta harkar lafiyar al'umma, na ce ƙanwata me kika taɓa yi da hannunki, ta ce ba komai Yaya, na ce a bautar ƙasa fa, ta ce ai kawai asibitin unguwa aka tura ta, da na matsa sai ga shi ashe ita ta ɓullo da rubuta lambobin wayar masu jego a littafi tana kiransu ranar rigakafi, har ta roƙi mai unguwa aka dinga sanarwa a masallaci bayan magariba. Na ce to wannan shi ne maƙalar, ki rubuta me kika tarar, me kika yi, mata nawa suke zuwa da, nawa suka koma zuwa, in kina da adadin na gaskiya ki sa in babu kar ki ƙirƙira. Ba yabon kai ba ne, labari ne kake bayarwa. Matsalar ruwan masana'antu a Challawa, ko cunkoson Kantin Kwari, ko ambaliyar da ke cin unguwarku duk damina, abin da ka sani da idonka ya fi duk wata kalma mai nauyi da za ka kwaso. Kuma dan Allah a daina kwafo na wani ko a sa manhaja ta rubuta a tura haka, suna ganewa, kuma ranar intabiyu za a tambaye ka abin da ka rubuta ka tsaya kana zare ido.

Wasiƙar shaida daga malamai, biyu ko uku ake nema. Kar ka je wajen farfesan da bai san fuskarka ba saboda girman sunansa, wanda ya duba maka furojet ya fi. Ka je da kanka wata guda kafin lokaci, ka gaisa, ka ce "Malam wata alfarma nake nema", ka miƙa masa takardar tarihin karatunka da bayanin abin da kake nema. Ka roƙi imel ɗinsa na makaranta ba na Gmail ba, dan wasu wuraren shi suke yarda da shi, kuma ka sanar da shi cewa saƙo zai shigo masa da zai danna ya ɗora wasiƙar, malamai da yawa ba sa buɗe wancan akwatin sai an tuna musu. Na ga fom ɗin da ya mutu saboda wannan kaɗai.

Mai neman digirin digirgir shi aikinsa ya ɗan bambanta, sufabaiza zai fara nema. Ka nemo malamin da yake bincike a fanninka, ka karanta aƙalla takardarsa ɗaya har ƙarshe, ka rubuta masa gajeren saƙo, ga ni, ga abin da na yi, na karanta aikinka kaza, ga tambayar da nake son bi. Ba a fara wa da doguwar gaisuwa da tambayar iyali irin tamu, kuma kar ka tura saƙo ɗaya ga mutum talatin. Goma za ka rubuta wa biyu su amsa, haka abin yake ba wulaƙanci ba ne.

Sai ejan. Ba duka ne macuta ba, akwai masu wakiltar jami'o'i da gaske kuma su jami'ar ce take biyansu ba kai ba. Amma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka sikolaship, ko yana da mutum a ofishin jakadanci, ka tashi ka kaɗe rigarka. Kusan duk waɗanda na lissafa a sama kyauta ake nema. Wani Alhaji ya taɓa zuwa shagona da ɗansa da wata takarda mai ado da zinare wai cikakken tallafi, ya riga ya ba da kafin alƙalami, na ce Alhaji a yi haƙuri bari mu duba, muka buɗe shafin makarantar muka karanta ƙananan rubutun, ashe rangwame ne a kan kuɗin karatu kawai, ɗaki da abinci da inshora da tikiti duk a wuyansa, kuma duk shekara sai yaron ya riƙe wani maki in ba haka ba rangwamen ya tafi. Ya yi shiru can ya ce "to ai na riga na sai da filin." In za a biya kuɗi a biya asusun makaranta kai tsaye, kuma ka rubuta wa makarantar da kanka ka tambaya shin wannan admishan ɗin daga gare ku yake.

Mai niyyar biya daga aljihu, lissafin shekarun duka za ka yi da dala ba na shekarar farko ba. Kowa ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a Yunin 2023, dala daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, yara da yawa da iyayensu suka yi lissafi da tsohon farashi sun maƙale a tsakiyar karatu. Kar ka dogara da cewa za ka yi aiki a can ka biya, a Birtaniya awa 20 a sati aka yarje wa ɗalibi lokacin karatu, wasu ƙasashen ma babu aikin sam. Maleshiya da Indiya da Masar sun fi sauƙi, shi ya sa malaman jami'o'inmu da yawa can suka yi digirgir.

Kafin ka biya ko sisi ka tambayi abu ɗaya, in na dawo Najeriya za a karɓi wannan takardar? A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri a Kwatano cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'a biyar kaɗai ta sani a Benin, uku a Togo. Waɗanda suka yi karatun gaske a sauran ma abin ya shafe su. Duk wanda ya yi digirin farko a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance shi kafin NYSC, likita sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa, kafin ya taɓa mara lafiya, kuma ana faɗuwa sosai, lauya sai ya fara yin zangon farko na musamman a makarantar lauyoyi. Mai son likitanci ya duba sunan makarantar a wajen MDCN tun kafin ya tafi, ba bayan shekara shida ba.

Biza ita ce ta ƙarshe kuma dokokinta kullum canzawa suke, abin da ɗan unguwarku ya yi shekara uku da suka wuce ba lallai ya yi aiki yau ba, shafin ofishin jakadancin za ka karanta. Na Birtaniya sai makaranta ta ba ka lambar CAS mai nuna ta ɗauke ka, ka yi gwajin tarin fuka a cibiyar IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja ko Legas, kuɗin da za ka nuna ya kwana 28 a asusu bai ragu ba ko na rana ɗaya, ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara. Tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya tafiya da mata da yara sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, to ango ka yi shawara da amarya tun da wuri. Kanada ta ƙayyade yawan ɗaliban da take ɗauka tun 2024, Amurka ma ta tsaurara sosai a 2025. Kar ka ari kuɗi a zuba maka a asusu dare ɗaya, suna tambayar daga ina, kuma takardar bogi in aka kama ta hani ne na shekaru.

Wanda bai samu fita ba kuma, wajen ma yana zuwa Kano yanzu. Cibiyar binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa ta BUK, wato CDA, tana cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa, za ka zauna aji ɗaya da ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka, kuma ta irin waɗannan wuraren ake samun tafiyar wata uku ko shida zuwa ɗakin bincike a waje. Wanda ya karanta Hausa ko Turanci kar ya raina kansa, ana koyar da Hausa a Hambug da Waso da Beijin, kuma shirin Fulbright ya sha ɗaukar matasan malamai su je su koyar da Hausa a jami'o'in Amurka.

'Yan mata, ku fara shawo kan Baba tun ranar da kuka fara cike fom, kar a bari sai takarda ta fito a ce ba inda za ki. Ki nemo wata 'yar Kano da take can ta yi magana da Hajiya a waya, ta nuna mata ɗakin kwanan da masallacin da suke zuwa, wannan ya fi duk wani bayani da za ki yi.

In tafiya ta tabbata, kafin ka nufi filin jirgin Malam Aminu Kano ka zo a yi maka sikanin ɗin kowace takarda, fasfo, biza, katin rigakafin shawara, admishan, satifiket, ka tura wa kanka a imel ka bar kwafi a gida wajen wanda ka yarda da shi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 yaranmu na Khartum a motoci aka kwaso su zuwa iyakar Masar da Port Sudan, haka na Yukren a 2022, kuma da aka zo neman inda za su ƙarasa karatu abin da aka fara tambaya shi ne ina sakamakon shekarun da ka yi. Dan haka duk ƙarshen zango ka karɓi sakamakonka a rubuce ka ajiye, ka yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ƙungiyar ɗalibai in ka sauka. Asalin takardun a jakar hannu za ka riƙe ba a akwatin da za a auna ba, yaji da kuka da kuɓewa busasshiya su shiga akwati, kilishi kuma ka cinye shi a jirgi dan yawancin ƙasashen Turai ba sa barin nama ya shiga.